Ƙarfen Da Na Zaɓa Ma Yayana

Assalamu alaikum. Shekarar da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya malalo ya cinye gonaki da gidajen mutanen fadama, ina na'ibin liman a masallacin garinmu, wani ɗan gari na ƙasar Wurno da ba sai na ambaci sunanshi ba. Lokacin na ba arba'in baya. Da rani ina noman albasa, bayan magariba ina karantar da magidanta, kuma ban taɓa zama ajin boko ba. Da ajami nake rubuta komi nawa, wannan ma da shi na rubuta kafin a juya mani. Limamin kuwa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya fara kama hannuna bisa alƙalami, shi ya yi mani aure. Mahaddaci ne, mai muryar da in ya tada karatu da asuba har matan da ke cikin gidaje sukan dakata da aiki su saurara. Na daɗe ina juya wannan labari a raina ina jin nauyin fito da shi, amma na ga in na mutu da shi ban amfani kowa ba.

Shekara biyu kafin ambaliyar, Yaya ya faɗo daga kan babur ɗin kabu-kabu yana dawowa daga ta'aziyya a Maikujera, ya karye a kwatangwalo. Mai ɗori ya yi iya yinshi, ƙashi ya ƙi kamawa, har ta kai ba ya iya sujada, ba ya iya zaman tahiya. Duk wanda ya yi karatu irin namu ya san mi wannan ke nufi: mai sallah a zaune ba ya jan waɗanda ke tsaye. Sai ya koma ƙarshen sahu bisa kujera, ni ina gaba. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma nakan ga yadda yake kallon shimfiɗar liman in an idar. Wani likita a Sakkwato ya duba hoton ƙashin ya ce kan gaɓar ya mutu, sai dai a sanya na ƙarfe, kuma a wancan zamani Indiya mutanenmu ke zuwa domin irin wannan aiki. Muka sayar da rabin fadamar da mahaifinmu ya bari, jama'ar masallaci suka haɗa abin da ya sawwaƙa, aka ce ni zan raka shi jinya.

A can muka samu wani ɗalibi Bahaushe yana yi mana tafinta. Likitan asibitin ya ɗora mana gaɓar ƙarfe iri biyu bisa tebur. Kowanne ƙwallo ne da ƙoƙon da yake juyawa a ciki, sai dai ɗaya yana da roba a tsakani, ɗayan kuwa ƙarfe ne bisa ƙarfe, sabon yayi, yana ƙyalli, kuma ya fi tsada. Aka ce sabon ya fi dacewa da mai yawan durƙusawa da naɗe ƙafa. Yaya ya ce shi bai san kan waɗannan abubuwa ba, duk wanda ƙanenshi ya zaɓa shi ne. Da muka fito, tafintan ya ja ni gefe ya ce mani a ganinshi tsohon irin an daɗe ana sa ma mutane, an san halinshi, sabon kuwa bai daɗe a jikin kowa ba balle a san ƙarshenshi. Na ce mashi ba mu ƙetaro teku domin mu sayi tsohon kaya ba. Na faɗi haka ina jin kaina wani babba. Aka yi aiki lafiya, kuma lambar wayata aka rubuta a asibitin, tun da Yaya bai riƙe waya.

Ranar da ya koma gaban sahu, ya kai goshi ƙasa ya zauna daram, sai da tsofaffi suka share hawaye. Ladanin masallacin, wani tsoho mai barkwanci da suka tashi tare, ya laƙa mashi suna Liman mai ƙarfe, yana gargaɗin jama'a kada su bari 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su matso kusa da shi da sikeli. Yaya yakan rama da cewa in an sake haɗa kuɗi, maƙogwaron ladan za a kai Indiya a sauya, don jakunan gari su huta da amsa mashi. Ni kuwa duk inda na zauna labarin nan ne a bakina. Mutane suka fara zuwa daga Dinawa da Rabah suna neman shawarata kan tafiya asibitin waje, nakan gyara zama in ce ai ni na zaɓi ƙarfen, likita ma sai da ya yaba hankalina. Likita bai yaba komi ba, ni na ƙara wannan.

Sai ambaliya ta zo. Ruwa ya rushe sashen gidanmu, ya tafi da akwatin da takardun asibitin ke ciki, muka koma makarantar firamare bisa tudu, mata a azuzuwa, maza ƙarƙashin itatuwa. Muna cikin wannan hali wata rana da hantsi wayata ta yi ƙara, na ji muryar tafintan nan. Bayan ya yi mani jaje ya ce asibitin ne suka sa shi ya neme mu. Kamfanin da ya ƙera ƙarfen ya janye shi daga kasuwa ko'ina, don an gano yana cinye kanshi yana zubar da gari a cikin jiki. Ya ce ko Malam ba ya jin ciwon komi, lallai a gwada jininshi a ɗauki hoto, kuma kamfanin zai ɗauki nauyin gwaji da sake aiki ga wanda ya ba da sunanshi da wuri. Na tambaye shi ko ya tabbata irin namu ne, ya ce irin da na zaɓa ne. Ya nemi in ba shi Liman, na ce ba ya kusa. Alhali ina kallonshi, ga shi can tsugune bisa ƙafafunshi biyu yana auna ma mutane geron agaji da kwano.

Na ce ma kaina ba yanzu ba, mutumin da gidanshi ke cikin ruwa ba a ƙara mashi wani tashin hankali. Da ruwa ya janye na ce sai an gama gini. Da aka gama gini na ce ai ga shi lafiya lau, yana tafiya gona da ƙafa, mi zai sa in tada zaune tsaye. Har na fara raya ma kaina ƙila 'yan damfara ne ke amfani da yaron. Amma gaskiyar da na sani, kuma Allah ya sani, ita ce na kasa tunanin ranar da za a ce a majalisa ƙarfen da na'ibi ke taƙama da shi guba ne, an sayar da fadamar gado an sayo ciwo. Tafintan ya sake kira sau da yawa ban ɗauka ba. Daga baya na cire layin na jefa shi a rijiyar gona, na ce ma mutane wayar ce ta lalace.

Abin bai fito da wuri ba. Farkon alama ƙara ce. Wata la'asar masallaci ya yi tsit, Yaya ya sunkuya ruku'u, sai muka ji wani ƙii kamar ƙyauren da ya daɗe bai sha mai ba. Bayan sallama ladan ya ce ya kamata a nemo ma Liman baƙin mai wajen masu gyaran babur, kowa ya yi dariya, har da Yaya. Ni ma na yi. Daga nan sai ciwo a matsematsi, sai kumburi, sai gajiya marar dalili. Sannan kunne ya fara nauyi. Abin da ya fi tsorata jama'a shi ne karatu. Mutumin da bai taɓa tuntuɓe a aya ba ya fara tsayawa tsakiyar sura, ya koma baya, ya shiga wata surar. Ina bayanshi ina buɗa mashi, ba ya ji na. In ɗaga murya, na kusa da ni su ɗaga, shi yana tsaye yana laluben ayar. Wata asuba ya yi sallama ya juyo, ya dubi sahu ya ce ya ji tsoron Allah ya ci gaba da ɓata ma mutane sallah, daga yau na'ibi ya wuce gaba. Ya ɗauki buzunshi da kanshi ya koma ƙarshen sahu.

Gari ya ɗauki magana. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce iska ce ta fadama. Ni da na san ba ko ɗaya, ban musa ma kowa ba. Na wanke alluna na yi mashi rubutu, na haɗa 'yan'uwa muka yi mashi sauka. Ban raina addu'a ba, Allah shi kiyashe ni, amma na san ina roƙon Allah ya ɗauke abin da ni na riƙe maganinshi a bakina. In na kai mashi rubutun yakan karɓa da hannu biyu ya sha, ya ce Allah shi ba ni ɗa mai jin ƙaina kamar yadda nake tausayinshi. Akwai kuma wani abu da ban taɓa faɗa ma kowa ba sai a nan. Da aka fara kirana Liman, da ake kawo mani ɗaurin aure da raɗin suna, ake tashi a ba ni wuri, abin ya yi mani daɗi. Ina tausayin yayana da gaske, kuma ina jin daɗin shimfiɗarshi da gaske, duka biyun a zuciya ɗaya. Shekaru suka tafi a haka.

Babbar ɗiyar Yaya ita ta katse wannan. Ta yi karatun jinya, tana aure a Sakkwato, ta zo ganin gida ta tarar ubanta ya rame, ƙafafu sun kumbura, numfashi na yi mashi wuya. Ta ce da ni, cikin ladabi, Baffa ya yi haƙuri, rubutu ya yi nashi, a bar asibiti ya yi nashi. Ta ɗauke shi a mota ina biye. Likitan ƙashi ya ga hoto, ya aika da jini wani wuri mai nisa, da sakamako ya dawo ya zaunar da mu. Ya ce mu ɗauka dutsen niƙa ne da ɗanshi, duk juyi ɗaya sai tsakuwa ta zuba cikin gari. Haka ƙarfen nan ke yi, garin ya ci naman da ke kewaye da gaɓar, ya shiga jini, ya taɓa kunne da zuciya da tunani. Ya ce da an zo da wuri da ɓarnar ba ta kai haka ba, ya tambaya ko ba a taɓa sanar da mu an janye irin wannan ba. Ɗiyar ta dube ni. Na ce ban da labari. Muka sayar da sauran fadamar, aka cire ƙarfen aka sa wani.

Bayan aikin likitan ya miƙo mani tsohon ƙarfen a cikin leda, ya ce in adana shi da kyau, akwai lamba a jikinshi, wata rana za a iya nemanta. Ni kaɗai ne a wurin. Na dawo da shi gida na wanke, na ga ƙwallon da na taɓa gani yana ƙyalli ya yi dishi-dishi, duk zane. A wurinmu abin da aka yanke daga jikin mutum ba a yar da shi, binnewa ake yi. Na naɗe shi a ƙyallen likkafani, na kai shi gefen maƙabarta kusa da kabarin mahaifinmu na binne. Da Yaya ya dawo na ba shi labari, ya ce na kyauta, haka ya kamata a girmama abin da ya zauna a jikin musulmi. Ya ɗauka addini na bi. Ni kuwa shaidar da ke kaina na rufe da ƙasa, na ara ma abin rigar addini.

Yaya ya samu sauƙi, kumburi ya saɓe, tunani ya fara dawowa, amma kunne ya tafi sai abin da ba a rasa ba, kuma ba ya tafiya sai da sanda. Gida ya shiga ƙunci tun da babu fadama. Ɗiyar ba ta haƙura ba. Ta samo wani lauya da ya ce a wasu ƙasashe an biya mutane diyya kan irin wannan ƙarfe, amma sai an tabbatar da irinshi. Takardu sun bi ruwa, saura lambar da ke jikin ƙarfen. Yaya ya ce ba za a tona maƙabarta saboda kuɗi ba, sai da ɗiyar ta yi ta lallashi, mai unguwa ya ba da izini, na je da rana tsaka na haƙo abin da na binne. Lauya ya aika da lambar, amsa ta dawo irin da aka janye ne. Sai dai ya ce wa'adin da aka buɗe na ba da suna ya daɗe da wucewa. Ƙofa ɗaya ta rage, a nuna ba a taɓa sanar da mu ba. Tafintan an neme shi an rasa, ba wanda ya san inda ya koma. Tun da lambata aka bari a asibitin, ni zan je kotu in yi rantsuwa cewa ba wanda ya kira ni. Ya ce abu ne mai sauƙi, ko shan ruwa ya fi shi wuya.

Muka tafi mu huɗu, ni da Yaya da ɗiyar da lauya. A hanya ina ta lissafi. In na rantse, ba mai ƙaryata ni a duniya, Yaya zai iya samun abin da zai fanshi fadama, asirina kuma ya rufu har abada. Ma'aikacin kotu ya ɗauko Alƙur'ani ya tambaye ni ko ina da alwala. Na ce ina da ita. Ya miƙo. Na dubi littafin da na rubuta da hannuna a allo tun ina yaro, hannuna ya ƙi tashi. Sai na ce alwalar ta karye, na fita. Na tsuguna bakin famfon da ke farfajiya na yi alwala, na sake, na sake. Ina nan sai na ji ƙarar sanda a bayana. Yaya ne, yana dariya, yana tambaya ko tsufa ne ya fara kwance ni tun yanzu, shi da ya girme ni ma yana riƙe tashi tun safe. Na ce mashi a hankali an kira ni. Ya karkato kai ya ce mi? Na rubuta mashi da yatsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ce bai zo da tabarau ba, ba ya ganin wannan tafiyar tururuwa, in buɗe baki in yi magana kamar namiji. Haka na miƙe a tsakiyar farfajiyar kotu, gaban masu jiran shari'a da 'yan kabu-kabun bakin ƙofa, na ɗaga murya kamar mai kiran sallah na ce mashi an kira ni tun shekarar ambaliya, an gaya mani ƙarfen guba ne, na ɓoye mashi. Sai da na faɗa sau biyu kafin ya ji duka. Laifin da na ɓoye don kada mutum goma su sani a majalisa, da bakina na yi shelarshi.

Ya dube ni, ya dubi ɗiyarshi da ta fito tana rufe baki da mayafi, ya ce a kai shi gida. Lauya ya tattara takardunshi ya ce maganar diyya ta mutu a nan, kuma haka ta kasance, ko sisi ba a samu ba. Kafin mu iso gari labari ya riga mu. A ranar na ajiye limanci, jama'a suka sa wani. Ladan da bai taɓa wuce ni ba tare da tsokana ba ya koma yi mani sallama kamar baƙo. Yaya kuwa in na gaishe shi yakan amsa, don ba ya ƙin amsa sallama, daga nan ba ƙari. Na tura dattawa su ba shi haƙuri, ya ce masu ya ji.

Sai bayan an cire albasa ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a zaure, tsohon ƙarfen da lauya ya maido yana ajiye a gefen buzunshi. Ya ce ba zai ce ya yafe da baki alhali zuciyarshi ba ta yafe ba, shi ba maƙaryaci ba ne, ya bar ma masu iyawa. Ya ce abu huɗu na raba shi da su. Kunne ba ni da ikon maido shi. Fadama ta tafi. Limanci ba ya so kuma. Amma haddarshi, wadda ya kwashe ƙuruciyarshi yana tarawa, tana nan a warwatse, kuma ba zai iya tattara ta shi kaɗai ba tun da ba ya jin mai gyara mashi. Don haka kullum bayan la'asar in zo in zauna damanshi da Alƙur'ani a buɗe, shi yana karantawa da ka, in ya yi kure in taɓa gwiwarshi in nuna mashi wurin da yatsa. Ranar da ya kai ƙarshe daga Baƙara har ƙasa, izu sittin, kowanne ya zauna daidai, ranar za mu yi maganar yafiya.

Na ɗauka aikin shekara ɗaya ne. Ya ci shekaru. Akwai izun da muka yi wata muna kai, ya kama yau gobe ya kuɓuce. Akwai ranakun da yakan fusata ya ce shi ne daidai, idona ne ya tsallake layi, sai na ɗora yatsa ya duba ya koma karatu. Na daina zuwa kasuwannin nesa, na daina duk wata tafiya da za ta kai ni la'asar a waje. Tsawon lokaci ba ma wata magana sai karatu, in ya rufe in tashi. Ranar da na fara jin sanyi a raina ita ce wadda na taɓa shi sau da yawa a shafi ɗaya, ya buge mani hannu ya ce wannan yatsa nawa zai huda mashi gwiwa, a ce sai an sa ƙarfe, to in sani wannan karon da kanshi zai zaɓa. Ya faɗa fuska a ɗaure, amma na ga gemunshi yana motsi.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka daga wurina ba mai yawa ba ne. Duk wanda aka sa ma ƙarfe a jiki, ko aka sa ma nashi, ya tambayi irinshi da lambarshi, ya ajiye a wuri fiye da ɗaya, kuma a bar lambar waya fiye da ta mutum ɗaya a asibiti. In gaɓa ta fara ƙara, ko ciwo ya dawo, ko kunne da tunani suka canza, a je a gwada jini, a haɗa da addu'a, kada a tsaya neman wanda ya yi jifa. In an cire ƙarfen kada a yi gaggawar binne shi, hakkin mai shi yana iya zama a jikinshi, kuma ƙofar neman hakki ba ta zama a buɗe har abada. Ga masu raka marar lafiya kuwa, ku ji tsoron Allah. Labarin jikin mutum nashi ne, amana ce aka ba ku ku isar, ba ku da ikon auna mashi lokacin da ya dace ya ji. Kuskuren zaɓen ƙarfe ba laifi ba ne, likitoci ma sun ruɗu da shi. Da na faɗa a ranar, da kunyar mako ɗaya zan sha. Kunyar da na guda ita ta cinye kunnen yayana, kuma ta jira ni a farfajiyar kotu ta ninka kanta.

A watan Sha'aban da ya wuce muka kai ƙarshe. Ba taro, ba kowa sai mu biyu, da ladan da ya tsufa ƙwarai yana gyangyaɗi a bakin zaure. Yaya ya karanta surorin ƙarshe a hankali, hannuna yana bisa cinyata ban ɗaga shi ba. Ya shafa addu'a ya daɗe fuska a tafin hannu. Sannan ya kira ni da sunan da Inna ke kirana ina ƙarami, wanda rabona da jin shi tun kafin kotu. Ya ce ya karɓi abinshi cif, babu sauran bashi tsakaninmu, yau ko gobe ƙiyama, kuma ladan shaida ne in ya farka. Ya ɗauko tsohon ƙarfen ya ɗora mani a hannu, ya ce in kai shi inda na tono shi in binne, wannan karon don Allah. Na tashi ina neman takalmana ban ganin su sosai. Har na kai ƙofa ya ɗaga murya irin ta kurame ya ce gobe bayan la'asar yana jirana, amma in bar littafi a gida, in zo mashi da labarin gari, kuma in zo da ƙarfin murya.